Tandun Tozalin Inna

'Yandoto, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Gusau lafiya, kin kuma tarar da mai jego da jaririnta cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, gero ya fara nuna, sai dai rashin layin waya. Da can kuna yi mini dariya da na shiga ajin yamma da furfura a gemuna don in koyi rubutun boko. Yau ga ranarsa: an katse waya, alƙalamina yana aiki.

Mairo, Shehu direba ne ya tsaya da motarsa a ƙofar gida ya ƙwala mini kira, ya ce Rabi'a ta sauka, namiji. Wallahi ba takalmi na fito. Na rungume Shehu, na bi fasinjojinsa ɗaya bayan ɗaya ina sa musu albarka, har wata tsohuwa ta ce, "Malam, mu dai a bar mu mu kai Tsafe." Shekara nawa ɗiyata tana jiran wannan rana! Da uwarta tana raye da yau ba mai iya zaunar da ita. Allah ya saka miki da kika bar gidanki na Bungudu kika je kika tsaya a madadinta.

Farin ragon nan da nake kiwo na suna ne. Na kuma sauko da tandun tozalin Inna na goge shi. Kin san yadda muke yi a gidanmu: ranar suna, babban gida shi ke fara sa wa yaro tozali daga tandun nan. Da shi aka sa mini, da shi aka sa miki, da shi na sa wa Rabi'a. Yanzu layi ya zo kan abokina sabon zuwa.

Kin tambayi idona kafin ki tafi. Yana nan yadda yake. Ƙaiƙayi da safe, bakin fatar ido ya yi ja, da wani ɓawo kamar dusa a gindin gashin. In na farka sai na jiƙa kwantsa kafin ido ya buɗe. Watan jiya mijin Rabi'a, Abdulrasheed, ya matsa ya kai ni wurin wata likitar ido a Gusau. Yarinya ce da na isa in haife ta sau biyu. Ta tsige mini gashin ido, ta sa a madubinta, ta ce wai ƙwari ne suke zaune a gindin gashin. Ƙwari, Mairo! Ni da nake alwala sau biyar a yini, a gaban surukina aka ce ina kiwon ƙuma a fuska kamar akurkin kaji. Ta ba ni wani man shafawa a ɗan bututu, ta ce in bar tozali. Na jefa shi cikin akwati. Tozali kuwa na ƙara, safe da yamma.

Ki gai da Rabi'a. Ki ce wa yaron ya shirya idanunsa, kakansa na tafe.

Yayanki,
Ummaru

*

Sabon Gari, Gusau, ranar Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Mai jego tana cin abinci, angona kuwa baƙi ne wuluk kamar ka, ga hanci, ga kuka. Barka dai, Allah ya raya.

Amma na karanta takardarka raina ya ɓaci. Yaya, ka tuna da na zo maka da Babbar Salla na kwana biyu ina sa tozali daga tandun Inna? Ban daɗe da komawa Bungudu ba idona ya fara irin naka. Na yi ta susa har gashin ya fara zubewa. Wannan likitar da ka raina, wurinta na je. Ta nuna mini abin a madubi da idona, yana motsi. Ta ce ba ƙazanta ba ce, kusan kowane babba yana da su a fatarsa ba ya sani, sai in sun yi yawa suke kawo kumburi, kuma tsinken tozalin da ake karɓa-karɓa yana kwasar su daga wannan ido zuwa wancan. Na yi amfani da man da ta ba ni, na bar tozali, yau idona garau.

Ka ce a gaban surukinka aka kunyata ka. Yaron nan shi ya biya maka mota, shi ya tsaya a layi. Kai kuma ka jefa magani a akwati don mace ce ta rubuta shi.

Rabi'a ta ji abin da ka rubuta, hankalinta ya tashi. Ta ce ba za a sa wa ɗanta tsinken da ya shiga idon da ke ciwo ba, kuma ni ma ina bayanta. Saboda haka ka ji da kyau: in da tandun za ka zo, gara ka yi zamanka. Ka ciro maganin nan ka fara shafawa.

Ƙanwarka,
Mairo

*

'Yandoto, ranar Alhamis bayan suna

Mairo,

Ina gaisuwa. Lafiyata kuwa ba sai kin tambaya ba, tunda ba ta dame ki ba.

"Gara ka yi zamanka." Na karanta, na sake karantawa, na kai wa liman ya karanta mini ko idona ne ke yi mini ƙarya. Haka yake. To na yi zamana. Ranar suna na ɗaura rago a motar Shehu, na koma zaure na zauna ni kaɗai, ina sanye da rigar da na ɗinka don ranar. Mutane suna wucewa suna cewa, "Malam Ummaru, ba ka tafi ba?" Na ce ƙafa ce ke ciwo. Kin sa ni ƙarya da tsufana. Da Shehu ya dawo ya buɗe baki zai faɗa mini sunan yaron, na ce ya riƙe abinsa, ban tambaye shi ba.

Sai kuma na ji wai kin kwashe Rabi'a zuwa Bungudu wankan gida. Gidan ubanta ya rushe ne? Ko ƙwarin nawa har bango suke hawa?

Tandun da kike zagi, hannun Inna ya taɓa shi. Ke da kanki kin ga yadda take ɗaure shi a bakin zane. Ta mutu tana zura zare a allura ba tabarau. Yau yarinyar da aka haifa jiya ta leƙa madubi, kin juya wa uwarki baya.

Maganin kuwa na gwada, don kada ku ce ban gwada ba. Tunda abin ido ne, na matsa shi cikin tandun na gauraya da tozalin, na ce albarkar Inna da ilimin likita su haɗu su yi aiki tare. Na zizara da tsinke a cikin ido yadda kowa ke sa tozali. Mairo, kamar an zuba mini barkono. Hawaye ya yi ta zuba, da safe idon dama ya kumbura ya rufe ruf. Da ido ɗaya nake rubuta miki wannan. Ga maganinku nan. Ki gaya wa likitarku na gode.

Ummaru

*

'Yandoto, ranar Asabar

Mairo,

Ina gaisuwa duk da haka. Kumburin ya sauka, ƙaiƙayin yana nan.

Juma'a biyu ke nan ba amsa. Kullum in na ji ƙarar mota sai in leƙa. Shehu ma ban ga ƙeyarsa ba. In kin yanke shawarar ba ki da ɗan'uwa a 'Yandoto, ki rubuta hakan a fili, na iya karatu. Abu ɗaya kawai nake tambaya, kuma ba don ke ba: cibiyar yaron ta warke? Yana kama nono?

Wannan na ba wani mai babur da zai wuce ta Bungudu. In ba ta iso ba, to Allah ya gani na rubuta.

Ummaru

*

Bungudu, ranar Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, cibiya ta warke, yana kama nono har uwarsa na ƙorafi. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Motar Shehu ta lalace a Kwatarkwashi, takardarka ta farko tana cikin aljihun mota har sai da aka gyara. Ba wanda ya share ka. Kai ne ka share mu.

Yanzu ka buɗe ido ɗayan da ya rage maka ka karanta. Na ce in da tandun za ka zo. Ka tsallake kalma shida ka rungumi huɗu, ka kai wa liman. Shi ma liman ka nuna masa farkon layin, ko yatsanka ka ɗora a kai? Wa ya hana ka zuwa? Wa ya hana ka ɗaukar jikanka? Ita kanta likitar ta ce ka ɗauke shi yadda kake so, tsinken ne kawai ba a yarda ba.

Ranar suna Rabi'a ta ƙi a raɗa sunan har rana ta ɗaga, tana cewa, "Gwaggo, a ɗan jira, Baba yana hanya." Da aka sauke rago ba kai, ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Mai jego, Yaya! Na yi ta lallashi kada nono ya ɗauke. Sunan da ka ce Shehu ya riƙe kuwa, ga shi, ko ka so ko ka ƙi: Ummaru. Abdulrasheed ne ya zaɓa, surukin da ka ce an kunyata ka a gabansa. Rabi'a ba ta iya kiran sunan ubanta, Baba Ƙarami muke ce wa yaron.

Wankan gida kuma, wa zai dafa mata ruwa a 'Yandoto? Kai? Wa zai dama kunun kanwa?

Sai batun magani. Na karanta wa Rabi'a inda ka ce ka matsa shi cikin tandu, ba ta san lokacin da ta yi dariya da hawaye a fuska ba. Ni ban yi dariya ba. Ka kusa tsiyaye idonka. Wannan man ba na cikin ido ba ne, kuma an gaya maka, kana can kana huci ba ka ji ba. Abdulrasheed ya koma wurin likitar ya faɗa mata abin da ka yi, ta ba da sabo, ga shi cikin ƙullin nan da auduga. Ga yadda ake yi. Ka wanke hannu da sabulu. Ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ka rufe ido ka ɗora har ɓawon ya yi laushi. Ka goge gindin gashin a hankali da auduga, wadda ta taɓa dama kada ta taɓa hagu. Sannan ka lakato man kaɗan, kamar ƙwayar gero, ka shafa a bakin fatar daga waje, ido a rufe. Ba a ciki ba. Ba da tsinke ba. Rigar matashinka da rawanin da kake goge fuska da shi, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Kuma ba a bari don an ji sauƙi, sai an kai lokacin da ta ɗiba, don ƙwayayensu suna ƙyanƙyashewa daga baya. In ido ya sake yin ja ko ya kumbura, ka tsaya ka zo a duba.

Kada ka sake kawo mini Inna. Ni na yi jinyarta. Inna ba ta taɓa sa wa jariri abin da ta san zai cuce shi ba, kuma da tana nan da kai za ta fara yi wa faɗa.

Abu na ƙarshe. An mayar da aikin Abdulrasheed Lakwaja. Ana gama arba'in za su tafi da yaron, kuma ba mu san ranar dawowarsu ba. Ka zauna da fushinka ka lissafa abin da ya rage.

Mairo

Baba, ni ce Rabi'a. Ina gaishe ka. Kunnensa irin naka ne. Don Allah ka zo.

*

'Yandoto, ranar Lahadi

Mairo,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso. Ki gai da Rabi'a, ki ce na ga layinta. Na ajiye shi.

Ba yatsana na ɗora ba, takardar ce ta naɗe a wurin. Kuma mutum mai hankali ba ya rubuta wa yayansa "yi zamanka" ko da me ya gabace shi. Wannan ban janye ba.

Ummaru! Na fita na gaya wa duk wanda ke zaune a bakin masallaci. Wasu sun ce ai sun daɗe da sani, Shehu ya baza wa gari, ni kaɗai ne ban ji ba. Shi ma zai gamu da ni.

Ina yin abin da kika ce. Ina zama da tsumma a fuska kamar mai jego, maƙwabcina yana leƙowa ta katanga yana cewa, "Malam, kai ma wankan gida kake?" Ranar farko abin da audugar ta kwaso ban so in gani ba. Yanzu ɓawon ya ragu, jan ya fara washewa. Shekaranjiya na farka ido ya buɗe da kansa ban jiƙa ba. Na zauna a bakin gado ina mamaki, don na manta haka mutane suke farkawa. Kada ki yi murna, ban ce likitarku ta yi gaskiya ba. Na ce ɓawon ya ragu.

Rabona da tozali tun ranar da saƙonki ya zo. In na duba madubi sai in ga wani tsoho fari fat kamar wanda ya tashi daga ciwo. Tandun na zazzage shi, man da na zuba ya riga ya dunƙule tozalin ya ɓata shi. Na kankare, na shanya, na kai wa baduku ya ɗinke bakinsa. Da ya soka allura sai na ji kamar a jikina. Zan zo da shi a haka, ba komai a ciki, a rataya wa takwarana a ɗaki. Wannan ko ke ba ki isa ki hana ba.

Ina tafe ranar Juma'a. A dama kunu da yawa.

Yayanki,
Ummaru

*

'Yandoto, ranar Litinin

Ƙanwata Mairo,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, ina fatan na bar ku lafiya. Ido yana ƙara sauƙi, ina nan ina shafawa har lokacin ya cika. Na gode da karɓar da kika yi mini, ko da yake ba sai kin caje jakata a gaban yara ba kamar ɗan sanda a shinge.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, kuma ba na so ki ji daga bakin kowa sai nawa. Kin caje jaka, ba ki caje hula ba. Kafin in gauraya man nan da tozali, na ɗebi kaɗan na ƙulle a takarda. Shi da tsinken Inna suna cikin naɗin hulata duk zaman da na yi a gidanki. Na ce a raina, sau ɗaya tak, ɗan kaɗan, ba wanda zai sani, kada a ce a kaina abin gidanmu ya yanke.

Ranar Asabar da hantsi Rabi'a ta shiga wanka, ke kuma kika fita duba kunu. Aka bar ni da shi a cinya. Na ciro ƙullin na kwance. Na ce masa, "Kai abokina, kwana nawa da zuwanka har ka ƙwace mini suna? Buɗe idon mu gani." Sai ya buɗe. Mairo, farin idon nan kamar nono, bakin fatar sumul, gashin ƙanana a jere ba ko ɗigon komai. Ya tsaya yana kallona bai ƙifta ba. Na tuna safiyar da nake lalube neman buta ido a manne. Na dubi tsinken, na ga bakinsa ya yi baƙi da maiƙon idona na shekara da shekaru. Hannuna ya ƙi. Na mayar da shi cikin hula, na tofa wa yaron addu'a a ka, na ce, "Kai dai ka tsira, ɗan nema."

A hanyar dawowa, da muka wuce Gusau, na sa Shehu ya tsaya. Na zubar da tozalin a gindin wata bishiya, na tona rami na binne tsinken. Shehu ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce ya ja motarsa, ai shi baki gare shi.

Har yanzu ina jin haushinki, ki sani. Kuma in Abdulrasheed ya ga likitar nan kafin su tafi, ya ce mata gashin da ta tsige ya fito. Kada ya ƙara komai a kai.

Ki shafa mini kan Baba Ƙarami.

Yayanki,
Ummaru

*

Bungudu, ranar Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, angona yana gaishe ka da kuka.

Mutumin da ya yi kwana biyu bai cire hula ba ko da zai kishingiɗa, yana tsammanin ban lura ba? Ba kunu na je dubawa ba. Ina tsaye a bakin taga, muciya na hannuna. Allah ne ya taimake ka, ya taimaki hannunka.

Rabi'a ta sa tandun cikin kayan da za ta tafi da su Lakwaja. Ta naɗe shi a zanen uwarta.

Ka ci gaba da shafa maganinka. Daga waje.

Ƙanwarka,
Mairo